Aikin rage tumbi a Ingila, da maganar tuwo da ƙuncin rai

Yaya ina wuni, ya yara ya zafi. Kin ce in faɗa miki gaskiya tunda Anti ta dage sai ta je Masar an yi mata aikin rage tumbin nan, to ga yadda abin yake a nan Manchesta.

Irin wanda aka yi min silib suke ce masa, ana cire kusan kashi 80 cikin 100 na tumbin a bar miki ɗan siriri kamar ayaba. A NHS, wato asibitocin gwamnati na nan, kyauta ne amma fa layi ne na shekaru, shi ya sa turawan da kansu suke hawa jirgi su tafi Istanbul a yi musu da araha, su dawo ba mai bibiyarsu. Ni kuma a ganina bibiyar nan ita ce aikin, ba wuƙar ba. Shekara biyu asibiti na riƙe da ke, gwajin jini, ganin mai ba da shawara kan abinci, allurar bitamin B12 duk wata uku, ga ƙwayoyin bitamin da za ki yi ta sha har ƙarshen rayuwa.

Abin da mutane ba sa faɗa shi ne ƙuncin rai. Ƙiba na zubewa kowa na cewa masha Allah kin yi kyau, ke kuma kina zaune kina kuka ba dalili, ba ƙarfi, abu kaɗan ya ɓata miki rai, ga hunturun nan da ƙarfe huɗu na yamma duhu ya yi. Watannin farko ana ta nanata miki furotin furotin, giram 60 zuwa 80 a rana, kifi, ƙwai, kaza, kuma tumbin cokali kaɗan yake ɗauka, to ina wurin shinkafa? Burodi da taliya ma tsayawa suke a ƙirji, tuwo kuwa ko loma biyu sai na ji kamar zan amayar. A haka sitaci ya fita daga cikin abincina gaba ɗaya.

Da na faɗa wa matar da ke ba ni shawara kan abinci sai ta ce ƙwaƙwalwa da suga take aiki, wajen giram 120 a rana, idan an hana jiki sitaci kwata-kwata wasu kasala da saurin fushi suke samu. Ta ce kar in ɗora komai a kan sitaci kawai, ƙarancin ayon, wato sinadarin ƙarfe na jini, da B12 da bitamin D ma suna kawo hakan, sannan wanda ya saba huce haushi da abinci an rufe masa wannan ƙofar. Aka ɗebi jini, bitamin D ɗina ya yi ƙasa. Ta ce in dawo da sitaci mai narkewa a hankali, ots, wake, dankalin Hausa, kaɗan kaɗan bayan na ci furotin ɗin, amma ban da lemon kwalba da kayan zaƙi don su suke sa jiri da zufa da bugun zuciya. Alhamdulillah da sauƙi yanzu. Akwai kuma masu sauraron damuwa kyauta, da kanki za ki cike fom a intanet ba sai likita ya tura ki ba.

Wajen abinci kuwa wallahi gida ya fi. Nan dai kowane kwali an rubuta giram nawa na sitaci da suga ke ciki, wannan kam sun iya. Amma acca da ake auna mana da mudu a Jos, a shagon ƴan Afirka ɗan ƙulli ne a leda da tsadar da sai kin sake duba farashin. Yogot ɗinsu na Girka kindirmo ne kawai aka sa wa kwalliya. Alale, faten wake, dambun zogale, kunun gyaɗa ba suga, duk irin abin da suke so mutum ya ci ne.

Don haka ki ce wa Anti kafin ta biya ko sisi ta tambaya wa zai riƙa duba mata jini idan ta dawo Kano, kuma a ina za ta riƙa samun allurar B12 mai kyau. Kuma kar ƴan gida su ce mata aljanu ne ko rashin godiya idan ta fara shiru-shiru, a kai ta asibiti. In mai zuwa ya samu ki aiko min da acca da kuka, a gaida Umma.