Fanka mai caji a gidan da ke da ƙananan yara: abin da take iyawa a bazara da abin da ba ta iyawa

Daga tsakiyar watan Maris zuwa saukar ruwan farko, babbar matsalar gidan da ke da ƙananan yara a Kano ita ce barcin dare. Da rana zafi yakan haura digiri 40, bangon siminti da rufin kwano su sha rana tun hantsi, sa'an nan su kwana suna amayo ta cikin ɗaki har kusan asuba. Babba yakan jure, ya watsa ruwa ya koma ya kwanta, amma yaron goye ba ya jurewa, kuma idan ya tashi da kuka duk gidan ya tashi. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, barin janareta ya kwana yana aiki ya fi ƙarfin yawancin gidaje, shi ya sa fanka mai caji ta shiga sahun kayan da ake tambaya a shagunan kayan wuta na Sabon Gari da zarar sanyin hunturu ya janye. Tamu mai tsayuwa ce, mai faɗin inci 16, ta zo da ɗan farantin sola da rimot da ƙaramar fitila a jikinta, kuma ta ga bazara fiye da ɗaya a ɗakin da nake kwana da jaririya da yayyenta biyu.

Hukuncina a kanta shi ne ta cancanci kuɗinta, amma mai saye ya sani cewa batir yake saye, fankar rakiya ce kawai. Iskarta tana da kyau, ba ta da ƙara, kuma idan aka ɗauke wuta tana komawa kan batir da kanta ba tare da ta tsaya ba. Wannan na ƙarshe ya fi komai daraja ga mai goyo, domin da fankar silin muke dogaro a da, kuma duk wadda ta yi renon jariri ta san cewa shirun da ke biyo bayan ɗauke wuta shi ne yake fara tashinsa, tun kafin gumi ya zo.

Inda magana take shi ne tsawon lokacin da za ta yi tana juyawa. A jikin kwalin an rubuta sa'o'i masu yawa, kuma mai shagon ya ce mini, "Hajiya, wannan sai dai ki gaji ki kashe ta da kanki." Gaskiyar tana rubuce a jikin batirin da ke cikin gindinta: 12V 4.5Ah. Idan aka ninka 12 sau 4.5 za a sami 54, wato batirin yana riƙe wutar da za ta iya ba da wat 54 na tsawon sa'a ɗaya ke nan, kuma fanka irin wannan tana cin kusan wat 25 idan aka ƙure ta. Ma'ana, a lamba ta ƙarshe, wato mafi gudu, sa'a biyu ce da 'yan mintuna, kuma haka na gani da idona. Sa'o'in da kwali yake alkawari na lamba ɗaya ne, a sabon batir da ya cika fal. Saboda haka dabarar da muka koma yi ita ce mu bar yara su yi barcin farko a tsakar gida bisa tabarma bayan sallar isha'i, mu buɗe taga da ƙofa ɗaki ya sha iska, sai dare ya raba mu kwashe su ciki mu kunna ta a lamba ɗaya ko biyu. A haka takan kai mu kiran sallar farko. Ranar da kuwa aka ƙure ta tun ƙarfe goma, wajen ƙarfe sha biyu za ka ji sautinta ya canza, fuka-fukanta suna juyawa da ƙyar har ana iya ƙirga su, sai a koma ga mafici.

Akwai kafar cajin waya a jikinta, wadda masu shago suke yawan yabawa. A ganina wannan ita ce babbar ɓarnar batirin, domin duk wayar da aka cika da yamma daga barcin yara aka rage. Sai da muka yi doka a gidan, har maigida ya shiga cikinta, cewa daga la'asar babu mai sa waya a jikin fanka.

Farantin solar da ta zo da shi ƙarami ne, amma a ranar bazara yana cika batirin idan aka ɗora shi tun safe inda babu inuwa. Ƙura ce abokiyar gabarsa, kuma goge shi da ɗanyen tsumma kowace safiya yana kawo bambanci a fili. Wayarsa gajeruwa ce ƙwarai, sai da mai gyara ya ƙara mana tsawo kafin ta iso ɗaki daga saman katanga.

Abin da na fi so iyaye su lura da shi shi ne cewa fanka ba ta sanyaya iska, kaɗa ta kawai take yi domin gumin jiki ya bushe. Tsakanin azahar da la'asar a watan Afrilu, iskar da take hurowa a ɗaki mai rufin kwano kamar hucin murhu take. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a yi amfani da fanka idan zafi bai kai digiri 40 ba, domin idan ya wuce haka fankar tana ƙara wa jiki zafi ne. Don haka kwantar da jariri a rufaffen ɗaki da tsakar rana a juyo masa fanka ba kariya ba ce. Abin da ya yi mana aiki a wannan lokacin shi ne wanka da ruwan randa, da barin yara da 'yar shimi ta auduga a rumfa, da shanya jiƙaƙƙen zane a gefen da iskar ke bi ba tare da ya taɓa fankar ba. Dabarar zanen tana ci sosai a Maris da Afrilu lokacin da iska take a bushe, amma idan Mayu ya yi nisa, hadari ya fara haɗuwa, iska ta yi nauyi, amfaninta yakan ragu. Manyan yaran ana bin su da ruwa ko ba su nema ba, jaririyar kuwa da ba ta kai wata shida ba nono ake ƙara mata akai-akai, kamar yadda ma'aikatan lafiya suke koyarwa a wurin awo.

Inda na ga amfaninta ƙarara shi ne ƙurajen zafi. Jaririyar tana da ƙiba, kuma a cikin ninkin wuyanta da bayan gwiwarta ƙurajen suke fara fitowa, ƙanana jajaye, ta yi ta murza kai a kafaɗata tana kuka. Darare kaɗan na kwana cikin iska, tare da goge ninkin a bar shi ya bushe, sai suka lafa fiye da yadda hoda ta taɓa yi. Sai dai gidan sauro yana tare rabin iskar, kuma ba na ganin hikimar cire shi don a ji daɗin fanka, musamman idan an fara yayyafi. Matso da ita kusa da gadon a bar wuyanta yana juyawa ya fi, domin iskar da ta tsaya cak a fuskar yaro har safe takan busar masa da hanci.

A wajen tsaro ina da ƙorafi biyu. Ragar da ke rufe fuka-fukan tana da faɗin da yatsan ɗan shekara biyu zai shige, kuma yara suna son fanka: na tsakiyan yakan kafa baki a gabanta yana kiran "Umma" don ya ji muryarsa tana rawa, kuma na taɓa kama shi yana zura tsinken tsintsiya. Rigar raga ta fanka da ake sayarwa da arha tana magance wannan, kuma da kamfanin ya saka ta cikin kwali da ya kyauta. Na biyu, maɓallanta suna ƙasa daidai hannun mai rarrafe. Gindinta dai yana da nauyi saboda batirin, ba ta faɗuwa da ɗan turi, amma wuyanta na roba ne, kuma namu ya fara lilo tun da yaro ya rataya a jiki.

Batirin irin na dalma ne mai nauyi, wanda zafi yake rage wa kwana, haka kuma barinsa ya mutu murus kafin a sake caji. Namu ya soma gajiya a bazara ta biyu, aka canza shi a wurin masu gyara ba tare da wahala ba, domin irinsa ya cika kasuwa. Tsohon kuwa kada a bar shi a tsakar gida ya zama abin wasa, a mayar wa masu sayen tsofaffin batura. Wanda ya tuna yaran Zamfara sama da 400 da gubar dalma ta kashe a 2010 ba zai yi sakaci da wannan ba, ko da yake tasu daga haƙar zinariya ta fito. Akwai masu batirin litiyam, sun fi tsada, sun fi sauƙin ɗauka, kuma sun fi jure yawan caji. Gidan da wuta takan yi kwanaki ba ta zo ba, gara ya ƙara kuɗi ya ɗauki irin wannan da faranti mafi girma.

Wanda zai saya ya nemi a kwance murfin gindin ya karanta lambar batirin da kansa, domin mai 7Ah ya fi mai 4.5Ah daɗewa ko da kwalinsu iri ɗaya ne. Ya sa a cire ta daga soket a kunna a gabansa, ya gwada kowace lamba da juyawar wuya, ya karɓi rasit mai ɗauke da sharaɗin canji. Idan da hali ya saya tun watan Fabrairu, kafin zafi ya sa kowa ya nufi kasuwa a lokaci guda.