Yatsun silikon ko balan-balan mai garin kofi: wanne zai ɗauki kwan fitila bai fasa ba?

Ɗan'uwa, ka tambayi wane irin hannun kama kaya za ka haɗa wa mutum-mutumi (robot) don ɗaukar kwan fitila. Yatsun silikon masu aiki da iska za ka yi.

Balan-balan mai garin kofi yana kamawa, tun 2010 masu bincike a jami'o'in Cornell da Chicago suka nuna haka. Sai dai dole ka danna shi a kan abu kafin ka zuƙe iskar ya sandare, dannawar nan kuwa ita ce hatsari ga gilashi marar kauri. Ga garin da ke bin tiyo ya toshe famfon iska in babu matacin da zai tare shi.

Yatsan silikon lanƙwasowa yake a hankali, ƙananan ɗakunan iska da ke cikinsa suna kumbura suna tura juna har ya rungume kwan fitilar. Ka nemi Ecoflex 00-30, wato silikon mai laushi nau'in filatinam da ke zuwa kashi biyu, ka auna kashi A da B daidai wa daida. Kana da kamar minti 45 kafin ya fara kauri, awa 4 ya kama. Ka gauraya a hankali, ka tsiyaya siriri daga sama cikin mazubin PLA (robar da injin buga 3D ke amfani da ita), domin duk kumfar da ta maƙale a bango nan zai fara fashewa. A cikin yatsan, wato gefen da zai taɓa kaya, ka shimfiɗa ƙyallen da ba ya miƙewa. In babu shi, kumbura kawai zai yi, ba zai lanƙwasa ba.

Wurin manne ɓangaren sama mai ɗakunan iska da na ƙasa mai ƙyalle ɗalibai suka fi yin asara. Shafin silikon kaɗan ya isa. In ya yi yawa sai ya toshe hanyar iska, ka ga ɗakuna biyu na farko sun tashi, sauran suna kwance. Kada ka sa safar hannu ta latex, farar wutar da ke jikinta tana hana silikon kamawa, ya zauna yana danƙo. Ka gwada da sirinji tukuna, sannan famfo da bawul da ma'aunin matsin iska a kan Arduino (ƙaramin allon lantarki mai sarrafa na'urori).

Ka kula da masu sayarwa. Wasu silikon nau'in tin suke bayarwa da sunan na filatinam, wasu kuma tsohon kaya. In ka ga kashi B ɗan ƙaramin kwalba ne, ba Ecoflex ba ne. Ka haɗa cokali guda, ka jira awa 4 kafin ka zuba a mazubi.