Wasiƙa ko saye? Amsar tambayar sa hannun tsofaffin 'yan besbol

Salam jama'a. Ɗan uwanmu da ke zaune a Amurka ya yi tambaya, wai yaronsa ya kamu da son tara sa hannun tsofaffin 'yan wasan besbol da suka yi ritaya, shin su riƙa tura wasiƙa ta gidan waya ne ko kawai su saya wajen dillalai. To Malam ga yadda nake ganin abin.

Ita wasiƙa kuɗinta kaɗan ne, kan sarki biyu, ambulan biyu, sai katin da ke ɗauke da hoton ɗan wasan, wanda zai sa wa hannu. Ambulan ɗaya ka rubuta adireshinka ka manna masa kan sarki ka saka shi cikin ɗayan, don tsohon ba zai ciro kuɗinsa ya maido maka kaya ba. Sannan yaron ya rubuta 'yar gajeriyar wasiƙa da hannunsa, ya ambaci wani abu na gaske da mutumin ya yi a fili, kar ya kwafo ta intanet don Allah, suna ganewa. Kati ɗaya ko biyu ya isa, in ka cika ambulan da goma sai su ɗauka ɗan kasuwa ne. In katin mai sheƙi ne a ɗan goga masa hoda tukunna, in ba haka ba tawadar alƙalamin sa hannun ba ta zama. Amma fa sai da haƙuri, wani sati biyu ya dawo, wani shekara, wani kuma shiru har abada, shi ya sa ba a tura katin da ake ji da shi. Akwai kuma waɗanda wani a gida ke sa musu hannu ko na'ura, kai ba ka gani ba balle ka rantse. Manya irin su Nolan Ryan sai ka biya ta gidauniyarsu.

Saye kuwa yau ka biya yau ka riƙe, sai dai jabu ya yi yawa. A 1999 hukumar FBI ta kai samame kan gungun masu buga sa hannun bogi, aikin da aka kira Operation Bullpen, abin ya girgiza kasuwar sosai. Saboda haka in za ku saya ku nemi wanda kamfanonin tantance sa hannu irin su PSA/DNA ko JSA ko Beckett suka tantance, ko ku je baje koli ku bi layi a sa muku ido na ganin ido, kamar a garin Cooperstown na jihar New York watan Yuli lokacin bikin shigar da gwaraza Hall of Fame, wato zauren karrama fitattun 'yan besbol. Can ɗin tsada ne gaskiya, ga kuɗin hanya da masauki.

Ni dai ga yaro wasiƙa na fi so nesa ba kusa ba. Zai koyi rubutu da ladabi da jira, kuma da yawa cikin dattawan nan suna jin daɗi a tuna da su, wani har ya ƙara masa layi biyu na amsa. Bobby Doerr na ƙungiyar Boston Red Sox an san shi da amsa wasiƙun masoya har tsufansa, ya rasu 2017 yana da shekara 99, yanzu nasa sai dai a saya. Don haka ku fara da mafi tsufa, waɗanda suka yi wasa a shekarun 1950 da 1960, kuɗin saye kuma a ajiye shi don waɗanda suka rasu ko waɗanda ba sa amsawa sam.