Yaya, ba zan aiko miki da allurar ba

Assalamu alaikum Yaya. Ina gajiya, ya yara, ya jikin Inna? Na saurari saƙonki na murya har sau uku. Kin ce yatsunki sun fara kumburi, da asuba ba kya iya matse tsumma sai hantsi ya ɗaga, kuma in aiko miki da allurar da nake yi. Ki yi haƙuri ki karanta wannan tukuna.

Abin da muke kira sanyin ƙashi a gida ba iri ɗaya ba ne. Nawa, kuma ina zaton shi ne na Inna, amosanin gaɓɓai ne wanda garkuwar jiki da kanta ke cin gaɓa. Da na fara zuwa asibiti nan Kolombus a jihar Ohayo, likitar ta tambaye ni ko akwai mai shi a danginmu. Sai na tuna hannun Inna yadda ya karkace. Ta ce akwai gado a ciki, musamman wata ƙwayar halitta mai suna HLA-DRB1, amma gadon kaɗai ba ya yanke hukunci. Ko tagwaye masu kama ɗaya, galibi ɗaya ke kamuwa ɗayar ta tsira. Mata sun fi maza kamuwa ninki biyu zuwa uku, taba sigari kuma tana ƙara haɗarin sosai. Ki faɗa wa Yaya Babba haka, ko da zai ɓata rai.

Kar ki ɗauka nan komai a tafin hannu yake. Na yi wata uku ina jiran layin likitan gaɓɓai. An fara ba ni methotrexate, ƙwaya mai arha wadda har a gida ana samu. Sau ɗaya a mako ake sha, ranar da aka tsayar, tare da folik asid, kuma ana ɗiban jinina a kai a kai don duba hanta. Mai ciki ko mai neman haihuwa ba ta sha. Da bai wadatar ba aka ƙara mini adalimumab, allurar da kike nufi, duk mako biyu. Humira, wato samfurin asali, a 2023 kuɗinta a takarda ya kusa dala 7,000 a wata. Daga 2023 wasu kamfanoni suka shigo da makamantanta a Amurka, farashi ya ɗan sassauta, amma in ba inshora ko kallonta ba zan yi ba. Su ma masu inshorar sai da suka ja mini rai makonni kafin su amince. A firji take zama, kin kuwa san halin wutarmu.

Amma ba tsadar ce ta hana ni ba. Allurar tana danne garkuwar jiki ne, shi ya sa ciwon ke lafawa, shi ya sa kuma ƙofa ke buɗewa ga wasu cututtukan. Kafin a yi mini ta farko sai da aka ɗauki hoton ƙirjina, aka gwada jinina don tarin fuka mai kwanciya shiru, da ciwon hanta nau'in B. Sannan likitar ta zaunar da ni kan wata cuta da ban taɓa jin sunanta ba, histoplasmosis. Ƙwayar cuta ce dangin funfuna, tana rayuwa a ƙasar da kashin tsuntsaye ko na jemage ya taru, kuma nan kwarin kogin Ohayo da na Misisipi gidanta ne. Mai lafiya zai shaƙi ƙurar bai ma sani ba. Irina kuwa tana iya bazuwa daga huhu zuwa duk jiki. Tun 2008 hukumar magunguna ta Amurka ta sa aka ƙarfafa gargaɗi a kan wannan rukunin allurai saboda ita. Mugun abin, alamunta sak na tarin fuka: zazzaɓi, tari, gumin dare, rama.

Da likitar ta ce in guji share akurkin kaji sai na yi dariya, na tuna ɗakin tantabarun Baba da jemagun da ke kwana a rufin soro. Ta ce ba abin dariya ba ne, akwai nau'in cutar a Afirka ta Yamma, har Najeriya, mai fitowa a fata da ƙashi.

Abin da ya fi tsorata ni shi ne ƙwayar da kika ce mai kemis yana ba ki. In prednisolone ce ko dexamethasone, ita ma danne garkuwa take yi, ga hawan jini da ciwon suga da lalacewar ƙashi. Nan ko ƙwaya ɗaya ba a sayar maka sai da takardar likita, a gida kuwa har 'yan mata na shan ta don ƙiba. Idan kin daɗe kina sha, kar ki yanke rana ɗaya, likita ne zai rage miki a hankali.

Na tura kuɗi ta hannun Auta. Ki je asibitin Malam Aminu Kano ki nemi likitan gaɓɓai, a yi miki gwajin RF da anti-CCP, wato gwaje-gwajen jini na gano amosanin gaɓɓai, ki tafi da kwalin duk abin da kike sha, har jiƙon. Shara a ɗakin kajin nan kuma ki bar wa yara, su yayyafa ruwa kafin su sa tsintsiya. Ki ɗauko mini hoton sakamakon in ya fito.

A gaida Inna da kyau, Allah ya ba ku lafiya.

Ƙanwarki