Injin zuƙe ganye da niƙe shi: abin da na gani bayan kaka guda

Duk mai bishiyoyin da ke kaɗe ganye a lambunsa ya san halin kaka: ka share da safe, kafin la'asar ƙasa ta sake rufuwa. Shi ya sa na sayi injin nan mai aiki uku, wanda ke hura ganye ya tara shi wuri guda, ya zuƙe shi, ya kuma niƙe shi ya zuba a jaka. Nawa na lantarki ne, mai ƙarfin wat 3000, jakarsa tana cin lita 45. Na yi kaka guda cur ina aiki da shi, kuma a ganina niƙan ne ya fanshi kuɗinsa. Sauran ayyukan biyu ba su kai yadda ake zuzuta su ba.

Hurawa tana da amfani a kan siminti da tsakuwa da lungunan da manjagara ba ta shiga. A kan ciyawa kuwa manjagara ta fi shi sauri nesa ba kusa ba. Zuƙa ma sai ganyen ya bushe ƙamas. Idan ruwa ya taɓa shi, ko raɓar safe ba ta ɗauke ba, sai ya cunkushe a maƙogwaron injin, dole ka tsaya ka cire waya daga soket kafin ka sa hannu ka zaro shi. Cire wayar nan ba abin wasa ba ne, domin farfelar da ke niƙa tana nan kusa da inda yatsunka za su shiga. Hanyar da ta fi min sauƙi ita ce in tara ganyen da manjagara, in bari rana ta buge shi, sannan in kawo injin kan tarin.

A jikin kwali an rubuta cewa buhu 10 na ganye zai koma buhu 1. Ni dai ban ga ya kai haka ba, amma raguwar tana da yawa ƙwarai, kuma ba ita ce ma babbar ribar ba. Ganyen da ba a niƙa ba, da zarar ya jiƙe sai ya manne da juna ya zama kamar tabarma, ruwa ba ya ratsa shi, iska ba ta shiga, ciyawar da ke ƙasa ta yi rawaya ta mutu. Niƙaƙƙe kuwa sakwat yake zama, ruwa na wucewa, iska ba ta cika kwashe shi ba. Na shimfiɗa shi a gindin shuke-shuke kaurin santimita 5 zuwa 7, na bar ɗan fili tsakaninsa da kara don kada laima ta ruɓar da shi. Ƙasar da ke ƙarƙashi ta daɗe da danshi, ciyawar banza ta ragu, kuma da ka ɗaga shi sai ka ga tana tana jan guntayen zuwa cikin ƙasa.

Abin da ya rage na kai shi ramin taki, kuma a nan mutane da yawa ke karaya, su ce ganye ba ya ruɓewa. Dalili shi ne, kafin bishiya ta saki ganyenta tana janye kaso mai yawa na sinadaran naitirojin da fosfaros ta adana a rassa da saiwa. Busasshen ganyen da ya faɗo sinadarin kabon ne ya yi masa yawa, kusan kashi 60 a kan kashi 1 na naitirojin, alhali tarin taki ya fi ɗaukar zafi idan yana kusa da 30 a kan 1. Sai an gauraya shi da ɗanyen abu mai yawan naitirojin, irin su yankakkiyar ciyawa ko kashin dabbobi, ana juyawa ana yayyafa ruwa. Wanda ba ya gaggawa yana iya jiƙa ganyen zalla ya cusa a buhu mai ƙofofi, ko cikin kewayen waya mai raga, ya bar wa funfuna aikin. Wannan yana ɗaukar shekara 1 zuwa 2, niƙan yana rage lokacin sosai. Abin da ke fitowa ba shi da ƙarfin taki, amma yana sassauta ƙasa mai laka, yana taimaka wa mai rairayi ta riƙe ruwa.

Injin yana da nasa wahalhalu. Jaka na cika kafaɗa na sagewa, wayar tana sarƙewa a jikin shuke-shuke, ƙura kuma tana fita ta jikin jakar, don haka takunkumi da tabarau wajibi ne. Ƙararsa ma ta isa a toshe kunne, tunda daga desibel 85 (ma'aunin ƙarfin ƙara) zuwa sama doguwar mu'amala da ƙara tana lalata ji. Farfelar nawa ta roba ce, tsakuwa da ƙananan itace sun riga sun ci bakinta. Mai niyyar saye ya nemi mai farfelar ƙarfe ko da ta fi tsada.

Ba kowane ganye nake zuƙewa ba. Na tuffa ko na furen wardi da ya yi baƙaƙen ɗigo ina ware shi in fitar daga lambun, saboda cutar tana fakewa a cikinsa har sanyi ya wuce ta dawo. Wanda ya faɗa ƙarƙashin shinge kuma ina barinsa a inda yake. A nan ƙwari masu amfani da kwaɗi da bushiya suke ɓuya lokacin sanyi, kuma injin ba ya tantance ganye da mai rai. Ƙonawa kuwa ba na yarda da ita ko kaɗan: hayaƙin yana cutar da masu asma da yara, kuma abincin ƙasarka ne kake mayarwa toka.

Idan lambunka ƙarami ne, manjagara da buhu sun ishe ka. Idan kana da injin yanke ciyawa mai jaka, bi ta kan busasshen ganyen da shi, zai niƙe maka ya haɗa da ɗanyar ciyawa a lokaci guda. Wannan injin ya fi dacewa da mai manyan bishiyoyi da lunguna da yawa, wanda kuma yake da inda zai zuba niƙaƙƙen ganyen.