Garejin da ya gano ciwon Hilux ɗina

Na kai Hilux ɗina wani gareji a Kano bayan ta fara kuka daga baya, kukan da yake ƙaruwa idan na taka totur. Bakaniken bai yi gaggawar kwance komai ba. Ya buɗe murfin difarenshal, wato akwatin giyar da ke raba ƙarfin inji ga ƙafafun baya, sai ga shi ya bushe ƙamas, domin robar da ke tare mai ta tsage. Rashin man giya ya sa ƙarfe yana cin ƙarfe, zafi ya ƙona boris, haƙoran giyar suka zaizaye, kuma da na ci gaba da tafiya, ƙafafun baya suna iya ƙamewa a kan titi. Ya sauya kayan, ya zuba man giya mai lamba 80W-90, kukan ya ɗauke. Aikinsa ya gamsar da ni, sai dai ya riƙe motar kwana 4 bayan ya yi alkawarin 2.