Kafin ka sayi tukunyar silba, juya gindinta

Kowace tukunyar silba, wato ta ƙarfen nan da ba ya tsatsa (stainless steel), tana ƙyalli a kanti, don haka ƙyalli ba shaida ba ne. Juya ta ka nemi lamba a gindi, ita ke nuna ajin ƙarfen. Abin da ke hana wannan ƙarfe tsatsa shi ne sinadarin kuromiyom, kuma sai ya kai aƙalla kashi 10.5 cikin 100. Shi ke haɗuwa da iska ya yi wata siririyar fata da ido ba ya gani, wadda ko an karce ta sai ta sake rufewa da kanta.

Ni dai ƙarfe mai lamba 304 nake saya, wanda wasu ke rubutawa 18/8, wato kuromiyom kashi 18, sinadarin nikel kashi 8. Yana jure abinci mai tsami, ba ya sauya ɗanɗano, ba ya ɓarewa, kuma a yi ta wanke shi shekara da shekaru yana nan garau. Aibinsa guda: ba ya rarraba zafi da kyau. Marar kauri sai ta ƙone abinci a tsakiya alhali gefe bai nuna ba. Nemi mai kaurin gindi wadda aka sa wa alminiyum a ciki, ka ɗaga ka ji nauyinta a hannu. Sannan kada ka zuba gishiri sai ruwa ya tafasa, domin wanda ya kwanta a ƙasa yana cin ƙarfen ɗigo-ɗigo. Bilic ma abokin gabarsa ne.

316 yana da ƙarin sinadarin molibdinom kashi 2 zuwa 3 don ya jure ruwan teku. A kicin ɓarnar kuɗi ce. 430, mai lamba 18/0, ba shi da nikel, cokula da tire ne dai ajinsa.

Inda ake cutar mutane shi ne 201. Shi kansa ba jabu ba ne, an dai rage masa nikel an cike da sinadarin manganis don ya yi araha. Matsalar ita ce ana sayar da shi da sunan 304. Haka aka yi mini da wata tukunya, ba a jima ba jajayen ɗigo suka feso a bakinta da kewayen ƙusoshin hannu. Masu cewa a gwada da maganaɗisu, wai na gaske ba ya kamawa, su sani cewa shi ma 201 ba ya kamawa, kamar dai 304. Kuma 304 na gaske yakan ɗan ja maganaɗisu a wuraren da aka lanƙwasa shi, gindin da aka yi don murhun lantarki na zamani kuwa da gangan ake sa ya kama. Hatimin lambar ma kowa na iya bugawa, don haka shi kaɗai bai isa ba. Akwai ruwan gwaji da ake ɗigawa a kan ƙarfen, launinsa ya tona asirin 201. Mafi muni shi ne baƙin ƙarfen da aka yi wa wankin kuromiyom: duba bakin yanka da ƙarƙashin lanƙwasa, nan wankin ke fara ɗayewa.

Ko ranar da tukunyar ta mutu, 304 ne ke kan gaba. Ana narka silba a tanderun lantarki a sake ƙera shi ba tare da ya rasa inganci ba, kuma masu sayen tsofaffin ƙarafa nikel suke bi, shi ya sa suke ware 304 daban su biya shi fiye da 201 da 430.